Ba'are a Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san ƙasar Tailan, ko da bai san ta inda rana take fito mata ba. A buhu muka san ta. Tun ina ɗan lakwal a Dioundiou nake ganin sunanta a jikin buhun shinkafa mai kilo 50, da na girma na ajiye alli na koma Gaya ina riƙe wa Kawu littafin lissafi kuwa, sai ta zama abokiyar kwana da tashi. A wancan lokacin jirgin ruwa kan sauke shinkafar a Kwatano, manyan motoci su hauro da ita Malanbil, ta haye gada ta shigo Gaya. Daga nan kuma wanda ya san hanyar Kamba ya san sauran zancen, ba a bakina za a ji mutuwar sarki ba. A 2017 Tailan ta fitar da shinkafa fiye da tan miliyan 11, kuma Benin na sahun farko cikin masu saye, ƙasar da mutanenta suka fi ƙaunar tuwon masara da doya. Mai hankali ya yi lissafi da kansa.

To, a 2018 Kawu ya ce zai taɓa harkar tufafi, kayan yara na Sallah, daga wata kasuwa da ake kira Pratunam a birnin Bankok. Aka zauna shawarar wanda za a aika. Kawu ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, ya ce, "Mushe ya je, shi ya yi boko." Ga wanda bai saba da Hausar Nijar ba, Mushe shi ne malamin lakwal. Kalmar Faransanci ce aka lanƙwasa, ba ta da dangantaka da mushen da ungulu ke bi, ko da yake bayan tafiyar nan na fara kokwanto. Da yamma a majalisa na miƙe ƙafa na ce wa abokai Tailan ai gida ce, shekara nawa muna tare.

Kuskurena na farko shi ne mai masauki. Kawu ya haɗa ni da wani Bafillace ɗan Birnin Gaure da ya daɗe a can yana haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya. Ni kuwa Ba'are ne gaba da baya. Ba'aren da ya miƙa wuyansa ga Bafillace a ƙasar da ba ya jin yarenta, duk abin da ya same shi da kuɗinsa ya saya. Shi ya zaɓa mini rana ta waya. Ya ce, "Bawana, ka iso 12 ga Afrilu, lokacin ne gari ya fi daɗi." Na ce masa ya gyara bakinsa, ubangidansa ne ke tafe. Muka yi dariya. Tasa ta fi tawa tsawo, ban lura ba.

Daga Gaya zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Adis Ababa, daga nan aka shiga wani dare mai tsawo a sama. Muka sauka ranar Alhamis a filin jirgin da ake rubutawa Suvarnabhumi, masu shi kuma su ce Suwannapum, su haɗiye rabin baƙaƙen. An fara duba katina na rigakafin shawara, sannan na isa gaban wata jami'a mai buga hatimi. Ta buɗe fasfo, idonta ya sauka kan garin haihuwata. Ta motsa leɓe, ta sake motsawa, ta haƙura, ta yi murmushi ta buga hatiminta. Sai na ji wani daɗi ya ratsa ni. Ƙaramin garinmu ya kayar da babban birni tun a bakin ƙofa. Na fito ina ba Bafillace labari, ya ce in tsaya in ji sunan nasu. Wai baƙi ne ke cewa Bankok, 'yan gari Krung Thep Maha Nakhon suke cewa, kuma wannan kan maganar ne kawai. Cikakken sunan harafi 168 ne a rubutun boko, har ya shiga kundin Guinness. Kirari ne sukutum, daga birnin mala'iku aka faro, aka yi ta jerowa har numfashi ya ƙare. Na ce wannan ai sai maroƙi, na ja bakina.

Kafin mu fita na sayi ruwan gora a wani kanti, aka miƙo mini 'yar takardar shaidar biya. Hali zanen dutse, mai lissafi ba ya yar da takarda bai karanta ba. Rana daidai, wata daidai, shekara 2561. Na juya takardar, na sake juyowa. Na san an daɗe a sama, na kuma san na yi barci, amma As'habul Kahfi ma shekara 309 suka yi, ni na kwashe 543 a kujerar jirgi. Ashe lissafin Buda suke bi, shi ke gaban na Miladiyya da wannan adadi. Agogona kuma yana baya da awa 6. Wato ban ko ga titi ba na rasa shekara na rasa lokaci.

Da aka zo shiga tasi na yi irin ta manya, na riga kowa, na buɗe ƙofar gaba ta dama na zauna. Sai ga sitiyari a ƙirjina. Direban na tsaye riƙe da jakata, ya haɗa tafin hannuwansa ya ɗan sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. A hagu suke tuƙi. Bafillace ya ce, "Ja mu mana, Mushe, tunda gida ce."

Zafin garin ma ya ci amanata. Na fito daga Afrilun jihar Dosso, ina ganin babu ranar da za ta ba ni tsoro a duniya. To namu zafin gashi ne, irin na tanderu, ka yi gumi iska ta shanye. Nasu turara ne, kamar an kife ka cikin madambaci an rufe da faifai. Sama titi, ƙasa titi, bisa wannan kuma jirgin ƙasa na wucewa a kan ginshiƙai. Wayoyin lantarki a cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. 'Yan kabu-kabu da riguna ruwan lemo suna kurɗawa tsakanin motoci, su kaɗai na gani na ji kamar na ga dangi. Masaukina na cikin wani lungu a gindin dogon benen Baiyoke, mai tsawon fiye da mita 300. Na ɗaga kai in ga ƙarshensa, hulata ta faɗi.

A ɗaki na nemi buta na rasa. Kawu ya ce mini in tafi da ita, na ce Allah ya sawwaƙe ɗan boko ya ratsa Adis Ababa da buta a hannu. Abin da na tarar a makewayi wani ɗan tiyo ne rataye a bango, da maɗanni a wuyansa. Na ɗauko, na leƙa bakinsa in ga ta inda yake aiki, na danna. Wannan shi ne wankana na farko a Bankok. Ishara ce, ban karanta ba.

Bayan magariba Bafillace ya ce mu taka zuwa unguwar Musulmi da ke lungu na 7 a titin Phetchaburi, in ci abinci, in kuma ga masallacin Darul Aman inda za mu yi Juma'a gobe. A hanya ƙanshin tsire ya tare ni. Mai gashin ya nuna tsinkayensa yana cewa, "Mu, mu." Na ce lallai ku ne, Allah ya ba da kasuwa, na sa hannu aljihu. Bafillace ya fizgo ni kamar ɗan akuya. Mu a yarensu alade ne. Ya ce, "Nan garin in an ce maka mu, kada ka ce har da ni." Ko a wannan kaɗai ya ci ladan da zai rage masa zunubin gobe.

Muka isa rumfar wata mata mai lulluɓi, da alamar halal a jikin tukunyarta. Wayarsa ta yi ƙara, ya fita ya bar ni. Na dubi tukwane bakwai ban san ko ɗaya ba, na ce, "Kai!" Matar ta gyaɗa kai, ta jawo kaza ta hau yankawa. Na yi mamaki. Na miƙa hannu na ce, "Kawo." Ta zuba shinkafa. Gabana ya faɗi. Na ce bari in ƙara gwadawa, na ce, "Nama." Ta ɗan yi jim, ta ajiye mini kofin ruwa da ƙanƙara. Na ce ba komai, biyu cikin uku, ko a Yamai akwai waɗanda Hausarsu ba ta kai haka ba. Kafin Bafillace ya dawo har na tsara jawabin da zan yi a majalisa, cewa fatakenmu sun riga Turawa zuwa gabashin duniya, ga shaida na gani da idona. Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ƙware. Kai a wurinsu kaza ce. Khao, da suke furtawa kamar kawo ɗinmu in an yi sauri, shinkafa ce. Nam kuwa ruwa. Abincin da ke gabana ma sunansa khao man kai, wato daidai abin da Ba'are mai jin yunwa zai daka wa yaron mai abinci tsawa da shi: kawo man, kai! Har gaisuwarsu in suna tambayar ko ka ci abinci da kin khao take farawa. Ya ce in na ji an ce mini haka kada in tsaya rantsuwar ni ba mace ba ce kuma ba a ba ni saƙo ba.

Shinkafar ce ta fi ɓata mini rai. Fara sol, mai laushi, tana ƙanshi tun kafin ta iso baki, hom mali suke ce mata. Na ce ina tamu, mai ruwan ƙwai, wadda ake dafawa ta tsaya warara? Ya ce waccan turarawa suke yi su loda wa jirgi saboda mu, su ba ita suke ci ba. Na tuna shekarun da na yi ina kwana da maƙullin sito ƙarƙashin matashi.

Washegari Juma'a, 13 ga wata, da hantsi ya kira ni. Ya ce aiki ya riƙe shi, mu haɗu a masallaci, ai na ga hanya, tafiyar ƙafa ce. Ya ƙara da cewa, "Yau sallar garin ce, bawana. Ka fito da kayan fita kunya, kada ka zubar mana da mutuncin Nijar." Ƙarya bai yi ba, wannan shi ne abin haushin. Na ciro shaddata shuɗiya rinin Mali, wadda ta sha bugu har tana ɗaukar ido, ko zama ba na yi da ita sai na shimfiɗa hankici. Na kafa hula, na fesa turare, na fito ina ƙarar sabon takalmi.

Na ga shaguna da yawa a rufe, na ce Allah sarki, har da girmama Juma'a. Na ga titi a jiƙe alhali sama garau, na ce masu tsabta ne. A bakin lungu wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta saita ni da bindigar roba, ta tsirto mini ruwa a ciki. Malamin da ke cikina ya farka. Na ɗaga yatsa na zuba mata faɗa da Faransanci mai kyau, irin wanda sufeto zai yaba. Uwarta ta taso da sauri, ta haɗa hannuwa ta sunkuya. Na ce yawwa, har yanzu da sauran tarbiyya a duniya. Ta ɗago, ta ɗauki kwanon azurfa, cikin ladabi da natsuwa ta juye mini shi a kafaɗa, ta ce, "Sawatdi pi mai."

Daga nan abin ya zama gudun tsira. Na zo tsallaka titi na duba hagu irin na gida, mota ta taho ta dama. A-kori-kura ce, bayanta ganga biyu da samari kusan goma. Suka ga mutum dogo, baƙi, cikin shuɗin kaya mai walƙiya, shi kaɗai ne busasshe a duk faɗin titin, ko kusan busasshe. Ko ni ne su ba zan bar ni ba. Bokitin farko da ƙanƙara a ciki. Na yi salati da ƙarfi, suka ɗauka waƙa ce, suka yi tafi suka ƙara na biyu. Wata tsohuwa ta tare ni da kwanon farar ƙasa da aka dama, ta shafa mini a kumatu biyu kamar mai lallashin jika. Wasu Turawa cikin gajeren wando suka rufa mini baya da bindigogi masu tanki. Hulata ta bi kwata. Shaddar ta saki, ta lafe a jikina, rinin ya fara bin ƙafata yana shiga takalmi.

Abin da na kasa yafewa kaina shi ne, a tsakiyar wannan masifa lissafi nake yi. Mu mutanen dallol ruwa bai yi mana nisa ba, shi ya sa rakenmu ya yi suna, giginya ta samu wurin zama. Amma ko mu, a watan Afrilu, yaron da ya zubar da guga guda a banza sai ya ji a jikinsa. Ga ganga cike ana watsa wa wanda bai roƙa ba. Ina gudu ina mayar da gangunan jarka, ina mayar da jarkar dala a farashin 'yan garuwa. Kafin in isa lungu na 7 an zuba mini abin da zai yi wa gidanmu wanki da girki na kwana biyu.

Na tsaya a ƙofar masallaci ina ɗiga, fuska fara, ƙafa shuɗiya. Wani dattijo mai farin gemu ya dube ni daga sama har ƙasa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, sai dai gemun ya ɗan motsa. Na yi masa sallama ya amsa, nan yarenmu na tarayya ya ƙare. Ya kama hannuna ya kai ni wurin alwala, ya tafi ya dawo da farar riga da wani yadi mai gidan dara a ninke. Na warware ina neman ƙafafun wando. Babu. Zani ne. Na dubi dattijon, shi ma shi ne a ƙugunsa. Na dubi masu shigowa, dattawa da yawa haka suke, da mutuncinsu da tasbahansu. Sarong suke ce masa, kuma a wurinsu tufar maza ce ta zuwa masallaci.

Na tsaya tsakanin abu biyu. In shiga da jiƙaƙƙiyar shadda in rina musu darduma, ko jikan Arawa ya ɗaura zani ranar Juma'a. Ladan ya kira salla. Na ɗaura. Ban iya ba, na yi irin ɗaurin da na ga Inna na yi, dattijon ya girgiza kai ya kwance ya naɗe mini irin nasu. Na yi raka'a biyu hannuna ɗaya na tunanin ƙulli. Ban taɓa yin ruku'u da taka-tsantsan irin na ranar ba.

Ana sallamewa na waiga, sai ga Bafillace a sahun baya, busasshe ƙayau. A tasi ya zo, gilashi a rufe, da rigar leda a ninke a hammata. Wayarsa na sama tana kallona.

A wurin cin abinci ya yi mini karatun da ya kamata ya yi tun ina Gaya. Songkran ake ce wa bikin, sabuwar shekararsu ta gargajiya, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu. Asalinsa ɗan ruwa mai ƙanshi ne ake zuba wa gumakan Buda, a kuma zuba a hannun iyaye da tsofaffi a nemi albarka, a wanke dauɗar bara. Samari suka mayar da shi yaƙi. Mutanen birni kan watse zuwa garuruwansu kamar yadda muke yi da Sallah, shi ya sa manyan dilolin da na zo dominsu suka rufe sai bayan biki. Daga baya, a 2023, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya, ba a nemi shaidata ba. Na ce to don me ka ce in zo yanzu? Ya ce, "Shekara nawa ba ka biya ni kuɗin shara ba? Ga sabuwar shekara ta kama mu tare, na karɓa." Sannan ya tambaye ni ko na san ma'anar Pratunam. Na ce a'a. Ya ce Ƙofar Ruwa. Ya ce shi bai ɓoye mini komai ba, tun a takardar Kawu an rubuta.

Ranar Asabar na yi niyyar ramuwa. Na sayi bindigar ruwa mafi girma a bakin lungu, na laɓe bayan wata rumfa ina jiran Bafillace. Bai zo ba, Fillo ba ya bin hanya ɗaya sau biyu. Yarinyar jiya ce ta gan ni, ta kira 'yan uwanta, suka ba ni wuri kusa da gangarsu saboda na fi su tsawon hannu. Ba zan faɗi yawan a-daidaita-sahun da na jiƙa ba, waɗanda suke kira tuk-tuk. Wannan ba a ɗauki hotonsa ba, kuma in Kawu ya tambaya, ina ɗaki ina lissafi.

Kasuwa ta buɗe, na sayi kaya, na dawo lafiya. Hoton ya riga ni isowa da kwana tara. Tun a tashar Gaya 'yan kabu-kabu ke tambayata ko in hau a karkace. A majalisa ba wanda ya nemi labarin bene ko jirgin ƙasa mai tafiya a sama, sai dai a ce in tashi in nuna yadda ake naɗin. Kawu ya duba kaya, ya duba lissafi, ya ce ba laifi, ya ƙara da cewa badi sai in tafi da buta.

Da na isa Dioundiou na zauna gaban Inna na kwashe mata komai, ina jiran a tausaya mini. Ta saurara har ƙarshe. Ta tambaya ko da gaske ruwan sha ne suke zubarwa, na ce da gaske. Ta yi shiru, ta ce Allah ya shirye su. Sannan ta ce, "To ina zanin?" Dattijon ya ƙi karɓa da na mayar masa, yana ƙasan jakata. Na ciro na miƙa mata. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga haske, ta ce yadin na da kyau.

Har yau shi take ɗaurawa in za ta biki ko suna. Duk wadda ta yaba, sai Inna ta ce, "Na Mushe ne, ya gama da shi ya ba ni."